Joe Walker, Ɗan Manomi da Ya Kai Sararin Samaniya Sau Biyu

Idan malami ya shiga aji ya tambaya wanene mutum na farko da ya taka wata, hannuwa da yawa za su tashi, kowa ya ce Neil Armstrong. In ya sake tambaya wanene ya fara zagaya duniya a cikin kumbo, ba za a rasa wanda zai tuna da Yuri Gagarin na Rasha ba. Amma in ya ce, to, wanene ya fara zuwa sararin samaniya har sau biyu, ajin zai yi tsit. Sunan mutumin Joseph Albert Walker, abokan aikinsa suna kiransa Joe. Shekara bakwai Armstrong ya yi yana aiki a ƙarƙashinsa. Da jirgi mai fukafukai ya je, ya tuƙo shi da hannunsa, ya sauko ya dira a ƙasa, dukan tafiyar kuwa ba ta cika minti goma sha biyu ba.

An haife shi ranar 20 ga Fabrairu, 1921, a wani gari mai suna Washington a jihar Pensilbeniya ta Amurka. Kada mai karatu ya ɗauka babban birnin ƙasar ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. A gona ya tashi, a ƙauyen da ke kusa da garin. Ya gama makarantar sakandare ta Trinity a 1938, ya shiga Kwalejin Washington da Jefferson, ya fito da digiri a fannin fiziks a 1942. A riƙe wannan da kyau, gama shi ne ya bambanta shi da matuƙa da yawa na zamaninsa. Tun kafin ya yi suna a tuƙi ya riga ya saba da awo, da lissafi, da rubuta abin da ya gani daidai yadda ya gan shi.

A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya shiga rundunar jiragen saman sojan Amurka, aka ba shi jirgin P-38 mai inji biyu, aka sa shi aikin leƙen yanayi a yankin Bahar Rum. Shi ne zai riga jiragen yaƙi tashi, ya shiga sararin ƙasar abokan gaba ya duba hadari da gajimare, ya aiko da labari ko tafiya za ta yiwu. Ya koma gida da lambobin yabo na soja.

A watan Maris na 1945 hukumar NACA, wadda gwamnatin Amurka ta kafa domin binciken harkar jiragen sama, ta ɗauke shi aiki a ma'aikatarta ta birnin Cleveland. Da sunan masanin fiziks aka ɗauke shi, amma ba a daɗe ba ya koma tuƙi. A ƙasashen sanyi ruwan da ke cikin gajimare yakan daskare a jikin jirgi, ya zama ƙanƙara a kan fiffike da farfela, jirgin ya yi nauyi har fiffiken ya kasa ɗaukarsa. Kowane matuƙi mai hankali yana gudun irin wannan gajimare. Shi Walker nemansa yake yi, ya shiga da gangan, ya bar ƙanƙarar ta taru domin a auna ta a kuma gwada hanyoyin narkar da ita. Shekara shida ya yi a Cleveland.

Matsalar gudun sauti

Domin mu gane aikin da ya shiga daga baya, sai mun ɗan tsaya a kan sauti. Kowa ya san da damina walƙiya takan riga tsawa isowa. Dalili kuwa, sauti yana bukatar kamar daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya. A nan ƙasa yana gudun kimanin kilomita 1,225 a awa, can sama inda ake sanyi sai ya ragu zuwa wajen 1,060. Masana suna gwada gudun jirgi da na sauti, suna kiran wannan awo Mak, daga sunan Ernst Mach, wani masanin fiziks na ƙasar Ostiriya. Mak 1 daidai yake da gudun sauti, Mak 2 ninkinsa biyu, haka har sama. Daga Mak 5 kuwa an shiga wani hali dabam, inda zafi ke zama babban abokin gaba.

A lokacin yaƙi matuƙa suka tarar cewa idan jirgi ya sulmuyo ƙasa da gudu har ya kusa Mak 1, sai ya kama karkarwa, sandar tuƙi ta ƙage, wani lokaci ma jirgin ya wargaje. P-38 ɗin da Walker ya tuƙa yana cikin jiragen da suka sha wannan wahala. Injiniyoyi suna da wani dogon bututu da suke hura iska a ciki su gwada ɗan ƙaramin samfurin jirgi, amma daidai kusa da gudun sauti sai iskar ta toshe a bututun, awon ya lalace. Ba yadda za a yi sai a ƙera jirgi na gaske, a cika shi da na'urorin awo, a sa mutum a ciki ya je ya gani.

Injin jet na lokacin bai kai ba, don haka aka koma ga roka. Jet yana shaƙar iska daga waje ya ƙone mai da ita. Roka kuwa tana ɗauke da iskar oksijin ɗinta a tanki, an sanyaya ta har ta zama ruwa, saboda haka ba ruwanta da ko akwai iska a waje ko babu. Illarta haɗama. Cikin minti biyu ko uku ta shanye man duka. Dabarar da aka yi ita ce babban jirgi ya ɗauki ƙaramin a ƙarƙashin cikinsa, kamar yadda shaho ke ɗaukar ɗan tsako, ya kai shi sama ya sake shi, sa'an nan a kunna rokar. Ta haka Chuck Yeager ya wuce gudun sauti cikin jirgin X-1 ranar 14 ga Oktoba, 1947.

A 1951 aka mai da Walker inda ake wannan aiki, wato sansanin Edwards a hamadar Mojave ta Kalifoniya. An zaɓi wurin ne saboda busasshen tafkin Rogers, wani faƙo shimfiɗaɗɗe mai tauri da ya miƙe kilomita da yawa. Jirgin roka yana saukowa ne man ya ƙare, injin a kashe. In matuƙi ya kuskure ba damar ya zagaya ya sake gwadawa, don haka dole filin ya zama mai faɗi.

Akwai rabon aiki a Edwards wanda ya kamata a faɗa. Galibi matuƙan soja da na kamfanoni su ne ke fara hawa sabon jirgi, su kafa tarihi, jaridu su buga hotonsu. Bayan an gama biki sai a miƙa jirgin ga mutanen NACA, su yi ta maimaita tashi, yau a ƙara gudu kaɗan, gobe a ƙara tsawo kaɗan, ana rubuta kome. Akwai jirgin X-5, wanda ke iya lanƙwasa fukafukansa baya yana cikin tafiya, mai mugun hali in gudunsa ya ragu. Irinsa biyu aka ƙera, ɗaya ya kashe matuƙinsa a 1953. Walker ya tashi da ɗayan sau 78.

Ranar 27 ga Oktoba, 1954, yana cikin jirgin X-3, wani dogon jirgi siriri mai 'yan gajerun fukafukai. An ƙera shi domin Mak 2, amma injinansa na jet ba su da ƙarfi, har ana ganin asarar kuɗi aka yi. Walker ya mirgina shi da sauri zuwa hagu yana gudun Mak 0.92. Maimakon ya mirgina kawai, sai hancinsa ya ɗaga sama ya kuma karkace gefe, jirgin ya yi ta tangaɗi wajen daƙiƙa biyar kafin ya shawo kansa. Wani matuƙin da sai ya gode Allah ya nufi gida. Walker ya ƙara gudu ya wuce Mak 1, ya sake mirginawa domin na'urori su ƙara ɗauka. A karo na biyu jirgin ya wujijjiga shi da ƙarfin da ya kai ninki bakwai na nauyin jikinsa, saura ƙiris ƙarfen ya karye. Ya sauka lafiya.

Abin da ya faru shi ne, idan nauyin jirgi duka yana cikin dogon jikinsa, fukafukan kuma gajeru, juyawa da sauri takan jefa hanci da wutsiya waje. Ka ɗauki taɓarya ka murza ta a ɗan karkace, za ka ji kawunanta biyu suna neman fizgewa. Wani masanin NACA, William Phillips, ya riga ya yi lissafin wannan a takarda tun 1948, amma ba a mai da hankali ba. Mako biyu kafin gwajin Walker, sanannen matuƙi George Welch ya mutu a sabon jirgin yaƙi F-100 da ya kuɓuce masa ya wargaje a sama. Awon X-3 ya taimaka aka fahimci matsalar, aka kuma ƙara wa F-100 girman wutsiya. Jirgin da ake yi wa kallon asara ya ba da amfaninsa ta inda ba a zata ba.

Fatar da ta ci jirage huɗu

A 1955 Walker ya zama shugaban matuƙan bincike na tashar. Ranar 8 ga Agusta na shekarar yana zaune cikin jirgin roka X-1A, a rataye ƙarƙashin babban jirgin B-29, wajen ƙafa 30,000 a sama. Saura kamar minti ɗaya a sake shi sai wani abu ya fashe a bayansa, wajen tankin oksijin. Ya kashe abin da zai iya kashewa, ya buɗe murfi, ma'aikatan B-29 suka jawo shi ciki. Fashewar ta turo tayoyin ƙaramin jirgin waje, ga kuma mai da ya rage a tanki ya ƙi zuba duka. In aka sauka da shi a haka, tayoyinsa za su riga na babban jirgin taɓa ƙasa. Matuƙin B-29, Stan Butchart, ya nufi inda ba kowa a hamada ya sake shi, ya faɗi ya ƙone.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1951 jiragen roka biyu sun fashe haka nan. A watan Mayu na 1953 wani X-2 ya fashe a cikin uwar jirginsa bisa tafkin Ontario, mutum biyu suka rasa ransu. Kowane lokaci ana zargin wani abu dabam. Wannan karon masu bincike suka tsince tarkacen a hankali, suka ga wani maiƙo a cikin tankin oksijin. Da aka bi sawu sai aka tarar daga gaskit yake, wato zoben da ake sawa a mahaɗar bututu don kada ya yi yoyo. Da wata fata aka yi shi, mai suna fatar Ulmer, wadda aka jiƙa da wani sinadari don ta yi laushi. Idan sinadarin nan ya haɗu da ruwan oksijin, wanda sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, ɗan bugu kaɗan ya isa ya tashi kamar nakiya. Aka cire fatar daga sauran jiragen, fashewar ta tsaya. Ɗalibanmu na ajin kimiyya, da suke gajiya in malami ya nace a wanke kwalba kafin gwaji, su lura da girman abin da ya ci jirage huɗu.

Wata huɗu bayan haka Walker ya koma cikin jirgin roka, X-1E mai siririn fiffike, ya tashi da shi sau 21, ya kai Mak 2.24 a 1957. Ana cikin haka wani matashin soja, Milburn Apt, ya kai Mak 3.2 cikin X-2 ranar 27 ga Satumba, 1956. Shi ne tashinsa na farko a jirgin. Da ya juya zai koma gida sai wannan tangaɗin da Walker ya gani a X-3 ya kama shi, ya mutu. Kowa a Edwards ya san abin da ke jiran mai neman wuce nan.

Baƙin jirgi

Tun 1954 masanan NACA suka fara tsara jirgin da zai kai Mak 6 ya kuma fita daga iskar da ta lulluɓe duniya. Kamfanin North American ya ƙera guda uku, aka sa musu suna X-15. Tsawonsa kamar mita 15, faɗin fukafukansa bai kai mita 7 ba, baƙi ƙirin. A irin wannan gudu iskar da jirgi ke tokara tana matsuwa ta yi zafi har jikinsa ya kai digiri 650. Gorar ruwa da ake ƙera jirage da ita ba za ta jure ba, don haka aka yi shi da wani haɗin ƙarfe mai suna Inconel X, wanda yawancinsa nikel ne. Injinsa yana ƙona amoniya da ruwan oksijin, kusan tan bakwai cikin daƙiƙa tamanin da 'yan kai. Jirgin B-52 ne ke ɗaukarsa a ƙarƙashin fiffike zuwa ƙafa 45,000, ya kai shi can wajen jihar Nebada, ya sake shi yana fuskantar Edwards.

Ga wata matsala kuma. Fiffike da wutsiya suna aiki ne don suna tura iska. Idan jirgi ya hau inda babu iska, kome ka juya sanda ba abin da zai motsa. Aka sa wa X-15 'yan ƙananan rokoki a hanci da fukafukai masu fesa tururi, da su matuƙi zai gyara zaman jirgin. Wajibi ne ya daidaita shi kafin ya faɗo cikin iska, ya shigo da cikinsa hanci a ɗage, daidai gwargwado. In ya shigo a karkace, ko zafi ko ƙarfin iska ya gama da shi. A baya jirgin ba shi da taya, sanduna biyu ne na ƙarfe da yake jan ƙasa da su, taya a hanci kaɗai, yana dira da gudun fiye da kilomita 300 a awa.

Scott Crossfield, matuƙin kamfanin, ya fara gwada shi ranar 8 ga Yuni, 1959. A lokacin NACA ta riga ta zama NASA, tun Oktoba 1958. Ranar 25 ga Maris, 1960, Walker ya zama matuƙin gwamnati na farko da ya hau shi. Daga nan shi da Robert White na sojan sama suka yi ta karɓa-karɓa, wannan ya ƙara gudu, wancan ya ƙara tsawo. A watan Agusta na 1960 Walker ya wuce gudun da Apt ya mutu a kansa. White ya kai Mak 4, da 5, da 6, duk a cikin 1961. Kafin kowane tashi na minti goma, matuƙi yakan yi sa'o'i da yawa a na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa, injiniyoyi suna jefa masa matsaloli iri iri, har hannunsa ya san abin yi tun kafin ya tsaya tunani.

Jirgin ya koya musu abin da bututun iska bai nuna ba. Fatar ƙarfen takan yi kumburi ta lotsa inda wani wuri ya fi wani zafi. 'Yan tsagogin da aka bari a bakin fiffike domin ƙarfe ya sami wurin miƙewa suka zama matattarar zafi, sai da aka rufe su. A tashin da White ya kai Mak 6 gilashin tagarsa na dama ya farfashe, ya sauka yana leƙe ta hagu. A wani gefen kuma aka tarar zafin da iska ke zuba wa jikin jirgin bai kai yadda lissafi ya nuna ba, aka gyara lissafin. Masu ƙera kumbon Apollo da jirgin sararin samaniya mai zuwa ya dawo, wanda ya fara tashi a 1981, sun ci moriyar wannan awo.

Ranar 27 ga Yuni, 1962, Walker ya yi gudun mil 4,104 a awa, wato kimanin kilomita 6,600, Mak 5.92. Abin lura a nan, White ya fi shi lambar Mak, gama ya kai 6.04, amma mil 4,093 ya yi. Amsar tana cikin abin da muka faɗa a baya, cewa gudun sauti yana canzawa da sanyin iskar da ake ciki. Ba wanda ya wuce gudun Walker a jirgi mai fukafukai har ya bar duniya.

Sai maganar tsawo. Hukumar duniya mai rajistar bajintar jirage ta ɗauki kilomita 100 a matsayin bakin sararin samaniya. Ranar 19 ga Yuli, 1963, aka saki Walker cikin X-15 na uku bisa wani busasshen tafki a Nebada. An shirya ya kai ƙafa 315,000. Injin ya ɗan fi ƙarfi, hancin ya ɗan fi ɗagawa, sai ga shi a ƙafa 347,800, wato kilomita 106. Ya wuce iyakar. Bayan wata ɗaya, ranar 22 ga Agusta, ya koma da jirgin nan dai. Rokar ta ci wajen daƙiƙa 86 ta mutu, jirgin ya ci gaba da hawa kamar dutsen da aka harba da majajjawa, sama ta yi baƙi da rana tsaka, jikinsa ya rasa nauyi na 'yan mintoci. Ya kai ƙafa 354,200, kusan kilomita 108. Da ya faɗo cikin iska nauyin jikinsa ya ninka wajen sau biyar, ya riƙe hancin jirgin a ɗage har ya miƙe, ya zagayo ya dira a kan faƙon Rogers. Minti goma sha ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ke nan daga lokacin da aka sake shi. Shi ne tashinsa na 25 a X-15, kuma na ƙarshe.

Duniya ba ta girgiza ba. Hankalin jama'a yana kan 'yan sama jannati na shirin Mercury, waɗanda ake harbawa a bisa roka ana nunawa a talabijin. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ranar da Walker ya cika shekara 41, John Glenn ya zagaya duniya sau uku, har ya yi magana da tashar da NASA ta kafa a Kano sa'ad da yake wucewa ta samanmu. Gaskiya ne aikin Glenn ya fi nisa, gama zagaya duniya na bukatar gudun da ya ninka na X-15 sau huɗu. Kuma ba a ce an manta da Walker sarai ba, Shugaba Kennedy ya ba shi babban kofin Collier tare da White da Crossfield da Forrest Petersen a watan Yuli na 1962. Amma akwai abin da, a ganina, ba a kyauta ba. Sojan sama sun sa tasu iyakar a mil 50, kilomita 80, kusan nisan Kaduna zuwa Zariya in an miƙe shi sama. Duk sojan da ya wuce nan suna ba shi bajen ɗan sama jannati. Walker ya wuce wannan iyaka sau uku a 1963, ya fi kowa nisa, amma shi farar hula ne, NASA kuwa ba ta ba matuƙanta na jirage irin wannan baje a lokacin. Bai samu ba.

Aikinsa na gaba ya shafi wata. A can babu iska, ba fiffike ko laima da za su yi amfani, dole kumbo ya sauka a kan wutar rokarsa. Domin a koyi wannan a duniya aka ƙera wata na'ura mai ƙafa huɗu, bututu ne kawai da inji da kujera, har ana mata laƙabi da gadon ƙarfe mai tashi. Injin jet da ke kallon ƙasa yana ɗauke da kashi biyar cikin shida na nauyinta, don a wata nauyin abu kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a nan, sauran kuma matuƙi ya riƙe da ƙananan rokoki. Walker ne ya fara tashi da ita ranar 30 ga Oktoba, 1964. Mutumin da ya kai kilomita 108, ran nan mita uku ya hau, bai cika minti ɗaya a sama ba. Ya tashi da ita sau 35. Da irin wannan na'ura Armstrong ya yi horo kafin ya sauka a wata a watan Yuli na 1969.

Ranar 8 ga Yuni, 1966

Walker bai ga wannan sauka ba. A 1966 yana shirin fara tuƙa XB-70, wani ƙaton farin jirgi mai inji shida, tsawonsa mita 56, mai gudun Mak 3. Guda biyu kaɗai aka ƙera. Kamfanin General Electric, wanda ya yi injinansa, ya nemi a jera shi a sama da wasu jirage huɗu masu injin kamfanin domin a ɗauki hoton talla. Ranar 8 ga Yuni, bayan XB-70 na biyu ya gama gwajinsa na safe, sai sauran suka matso kusa da shi. Walker yana hannun dama cikin ƙaramin jirgi F-104, dab da fiffiken babban. Suka yi ta zagaye wajen ƙafa 25,000 fiye da rabin awa, masu hoto suna ɗauka daga wani jirgi.

Da misalin ƙarfe tara da minti 26 wutsiyar jirgin Walker ta taɓa ƙarshen fiffiken XB-70. A bakin fiffiken babban jirgi akwai guguwa mai juyawa da ido ba ya gani. Ta ɗauke F-104 ta kifar da shi, ya bi ta bayan babban jirgin ya sare masa wutsiyoyi, ya kama wuta. Walker ya mutu nan take. XB-70 ya ci gaba da tafiya sosai har daƙiƙa 16, matuƙansa biyu ba su ma san su aka buga ba, sa'an nan ya birkice ya kama juyi. Al White ya samu ya fita da kujerar tsira, ya ji ciwo ƙwarai amma ya rayu. Manjo Carl Cross, wanda ran nan ne ya fara hawa jirgin, bai iya fita ba, ya faɗi tare da shi a hamada kusa da garin Barstow.

Masu bincike suka ce daga inda Walker yake zaune ba zai iya ganin ƙarshen fiffiken ba sai ya waiwaya sosai, mai yiwuwa jikin babban jirgin yake kallo yana matsowa a hankali bai sani ba. Suka kuma tarar ba a bi ƙa'ida wajen ba da izinin wannan jeren hoto ba, aka hukunta wasu hafsoshi. Shekararsa 45, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ran nan shekara bakwai cif da tashin X-15 na farko.

Shirin X-15 ya ci gaba bayansa. A watan Oktoba na 1967 Pete Knight ya kai Mak 6.7, kilomita 7,274 a awa. Wata guda bayan haka jirgi na uku, wanda ya kai Walker sama sau biyu, ya wargaje wajen dawowa, Michael Adams ya mutu. An rufe shirin a 1968 bayan tashi 199 da matuƙa goma sha biyu. Tsawon da Walker ya kai kuwa ya yi shekara 41 ba jirgin roka irin wannan da ya wuce shi, sai a watan Oktoba na 2004 da SpaceShipOne ya kai kilomita 112.

Ranar 23 ga Agusta, 2005, NASA ta ba matuƙanta uku farar hula na X-15 bajen 'yan sama jannati, wato Walker da John McKay da Bill Dana. Dana kaɗai ke da rai a lokacin, iyalan sauran biyun ne suka karɓa. Akwai makarantu biyu da ke ɗauke da sunan Walker, ɗaya a Kalifoniya, ɗaya kusa da garin da aka haife shi. Tashar Edwards inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana shugabancin matuƙa, a 2014 aka sa mata sunan Neil Armstrong. A ƙofar babban ofishinta an kafa jirgin X-1E a kan ginshiƙi, wanda Walker ya tashi da shi sau 21.